Sarƙar da Kawu ya ɗaure

Na fara nutso a teku ina da shekara talatin da 'yan kai. Gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, nake yi a wani shago a Sultana, kuma da sanyi ya shigo Madina aikin yakan mutu, don ba mai neman a sanyaya masa ɗaki a watan Janairu. Abokin aikina, wani ɗan Nijar mai dogon wuya, shi ya ja ni. Ranar Asabar mukan ɗauki hanyar Yanbu bayan asuba, mu hau ƙaramin kwalekwale mai inji, a kai mu wajen wani tsohon jirgin ruwa da ya daki dutsen murjani ya zauna a nan. Gabansa a sama yake, tsuntsaye na sauka a kai. Bayansa kuma yana ƙasa, cikin ruwa.

A gidanmu na unguwar Aƙiƙ akwai Kawu, yayan mahaifiyata, haifaffen Sudan. Ɗakinsa na ƙasa, kusa da ƙofa. Mun san ya taɓa aiki a jiragen da ke kawo raguna daga Bur Sudan, amma ba ya maganar. Ba ya kuma cin naman rago, ko ranar layya. Mu muna ɗauka ciwon ciki ne.

Wata ranar Juma'a da la'asar ina nuna wa 'yan gida hotunan jirgin a waya, sai ya miƙo hannu. Ya daɗe yana kallon hoto ɗaya, yana buɗa shi da yatsu biyu.

"Bayansa ne ya nutse, ko?"

Na ce e.

"A bene na ƙasa akwai shingayen ƙarfe, jere uku."

Ban nuna masa wannan ba. Ni kaina sau ɗaya na leƙa wurin.

Ya jira sai da kowa ya tashi, sannan ya faɗa mini. Su biyu ke kula da ragunan bene na ƙasa a tafiyar ƙarshe ta jirgin nan, shi da wani ɗan Chadi da suka yi shekara huɗu suna cin abinci a tire ɗaya. Sakatar babbar ƙofar shingen ta lalace, raguna suna ta ture ta suna fita. Sai Kawu ya zagaya ƙofar da sarƙa, ya sa ƙusa mai noti, ya matse da sufana iya ƙarfinsa. Da hantsi jirgin ya daki dutse, ya karkace, ruwa ya fara cika baya. Aka ce kowa ya hau sama.

"Shi kuma ɗan Chadin ya ce ba zai bar ragunan a kulle ba. Ya ce ko ba za su tsira ba, a bar su su gwada. Ya juya ya sauka. Ni na hau."

Ya shafa gwiwarsa.

"Sai da muka zauna a jirgin ceto, wani abu yana soka mini cinya. Na sa hannu a aljihu. Sufanar ce, ɗana. Da hannu banza ya sauka."

Ba a ga gawarsa ba. Abin da Kawu ke so ɗaya ne: in je in duba masa ko ƙofar a buɗe take.

Asabar ta gaba da shi muka tafi. Iskar arewa na kaɗawa, teku ya yi launin toka. Na sa rigar roba mai kauri, amma da na faɗa ruwa sanyin ya bi ta wuya ya gangara har gadon baya, haƙorana suka cije bakin bututun iska. Kawu ya ƙi zama a kwalekwale. Ya cire jallabiya, aka ɗaura masa rigar ceto, aka ba shi gilashin fuska da bututun numfashi, ya kama tsani da hannu biyu ya kifa fuskarsa a ruwa. Tsoho mai shekara saba'in. Ina sauka ina waiwayensa, ina ganin ƙafafunsa sirara suna lilo a sama.

Ni da abokina muka bi gefen jirgin. Murjani mai laushi ya rufe ƙarfen, ƙananan kifaye ruwan lemo sun yi cincirindo a kan tagogi. Nan na saba tsayawa. Wannan karon muka wuce, muka shiga ta inda bangon ya ɓalle. Hasken ya koma kore. Ba zurfi sosai, in ka ɗaga kai kana ganin rana ta ramukan tsatsa. Wannan ya fi komai damuna: da numfashi ɗaya mai kyau mutum zai iya kai sama.

Ga shingayen, jere uku. A ƙasa yashi ne da laka, ba ƙashi, ba ƙaho, teku ya share komai. Na bi jeren har ƙarshe, na sami babbar ƙofar.

A rufe take. Sarƙar na nan, ta yi kauri da ɓawon teku kamar hannun mutum. Na goge inda notin yake da safar hannu, ƙura ja ta tashi.

Ban san lokacin da na fara murɗa shi ba. Na dai san na kafa gwiwa a jikin ƙarfen, na sa yatsu, ina juyawa. Ba ya motsi, na sake. Can cikin jirgin wani faifan ƙarfe da igiyar ruwa ke kaɗawa yana bugawa, ƙwam, sai shiru, ƙwam. Na san ƙarfe ne, na sha jin sa a baya. Amma a ranar ji na yi akwai wanda ke tsaye daidai inda nake, yana yin abin da nake yi, ruwa na hawa masa ƙirji. Yatsuna suka mutu don sanyi, ban daina ba. Sai da abokina ya finciko kafaɗata ya ɗora mini agogon iskata a gaban ido. Allurar ta kusa shiga ja.

A ɗan tsayuwar da masu nutso ke yi cikin ruwa kafin su fito, ina riƙe da igiya, na shirya ƙaryata tsaf. Zan ce ƙofar ta faɗi, ba a gane komai.

Na tarar an fito da Kawu, an lulluɓe shi da bargo, leɓensa sun yi shuɗi. Mai kwalekwale ya ce da ƙyar suka ɓamɓare hannunsa daga tsani. Na zauna gabansa ruwa na zuba daga jikina. Ya dube ni, sai na fasa ƙaryar.

"A rufe take, Kawu."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Sarƙar?"

"Tana nan."

"Na matse ta da kyau," in ji shi. "Ni dama ba na aikin wasa."

Ya juya wajen jirgin ya ɗaga hannuwa. Bargon ya zame, ba wanda ya gyara masa sai da ya shafa addu'a.

A hanyar dawowa na kunna masa hita har motar ta yi zafi kamar gidan burodi. Da muka wuce rabin hanya ya fara maganar ɗan Chadin. Ya ce mutumin bai iya iyo ba. Ya ce yakan yi wa raguna magana da Larabcin Chadi, wai sun fi jin sa. Ya ce yana da ƙanwa a wani gari da shi Kawu ya manta sunansa, ko kuma ya sa kansa ya manta.

Bayan sati biyu abokina ya zo gida gaishe shi. Ya ce yana da almakashin yanka ƙarfe, in Kawu na so za mu koma mu datse sarƙar, mu buɗe ƙofar, ko zuciyarsa ta huta. Ni ma na so hakan, don tun ranar yatsuna ba su daina jin notin ba.

Kawu ya girgiza kai.

"La, ɗana. Ku bar ta. Kabari ne yanzu."

Abokina ya ce to. Muka zauna mu uku har aka kira magariba, sannan muka kama shi ya miƙe.