Mai Auna Gudu da Gaisuwa

Kullum kafin ƙarfe shida na safe za ka ji ƙarar sarƙar ƙofar filin wasa, sai ka ga wani siririn mutum ya turo kekensa ciki, ya jingine shi a jikin ɗakin ajiye kaya. Zai sa takalmin roba, ya ɗauko tsintsiya da baro. Da farko yakan zagaya hanyar gudu yana tsince tsakuwa da murafan kwalba, sannan ya ja tiyo ya fara ba ciyawa ruwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Mu dattawan da ke motsa jiki a filin muna kiransa Baba Mai Fili, ko da yake ko taku ɗaya na filin ba nasa ba ne, kuma da yawa cikinmu mun girme shi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da hannuna bai saba da komai ba sai sitiyari.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin da takwas ina kan hanya, kuma ba yabon kai ba, ba kasafai ake wuce ni ba. Wanda ya wuce ni kuwa sai na bi shi na rama, ko da zan ƙona mai a banza. Wannan halin na kwasa na kai filin gudu ina da shekara sittin da uku.

Ba sha'awa ce ta kai ni ba, ciwon suga ne. Yayana ma yana da shi, ya yi wasa da maganar likita, aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Ni na turo shi a keken marasa lafiya ranar da aka sallame shi, kuma tun daga nan a gidana yake zaune. Bayan wata uku likita ta duba takardar gwajina, ta taɓa tafin ƙafata da wani siririn abu, ta ce, "Ka ji?" Na ce ban ji ba. Ta cire tabarau ta ce, "Baba, magani kaɗai ba zai riƙe maka ƙafar nan ba. Ka fara motsa jiki a hankali, in ba haka ba hanyar yayanka ka kama." In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. 'Yata ta sayo min takalmi da wani agogo mai lissafa gudu, na nufi fili.

Agogon nan ya zame min ƙarfen ƙafa. Kowane zagaye sai ya faɗa min minti nawa na ci, kamar wani sufeto. Matasa suna wuce ni sau uku kafin in kammala ɗaya. Har wata tsohuwar shugabar makaranta, wadda muke kira Malama, takan wuce ni tana yi min sannu. Wallahi sannun nan ta fi zagi ciwo.

Sai na ƙirƙiro wata dabara. Filin yana da rumfar 'yan kallo a gefe ɗaya, inda 'yan tsere ke zama suna ɗaura takalmi. Da na zo gaban rumfar sai in buɗe wuta, in ɗaga ƙirji kamar zakara. Da na sha kwana zuwa ɗaya gefen, inda ba kowa sai tankin ruwa, sai in dafa gwiwa ina haki, idona yana ganin taurari. Na ɗauka ba wanda ya sani. Na manta mai ban ruwa a tsakiyar fili yake tsaye, ko'ina yana gani.

Wata safiya ya ajiye tiyo, ya ratso ciyawa, ya jera da ni. Shi tafiya yake, ni gudu nake, amma kafaɗarmu ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata min rai.

Ya ce, "Ina kwana, Malam Direba?"

Na ce, "Lafiya," da ƙyar.

"Ya iyali? Ya gajiya? Ya jikin Yaya?"

Na tsaya cak. Sai da numfashi ya dawo na ce, "Malam, ba ka ga gudu nake yi ba? Wace irin gaisuwa ce wannan?"

"Na gani," in ji shi. "Ai shi ya sa nake gaishe ka. Duk gudun da ya hana ka amsa gaisuwa ba naka ba ne, na mutanen rumfa ne. Ka rage har sai ka iya ce min lafiya lau, ka kuma tambaye ni nawa iyalin."

"In na rage fiye da haka ai tafiya ce."

"To a yi tafiyar. Kai da ka tuƙa babbar mota, da giya ta nawa kake hawa tudu da kaya?"

Na san amsar, na kuma san yadda inji ke ƙarewa in direba ya yi masa taurin kai.

Na bi maganarsa kwana huɗu. Haki ya ragu, amma agogo ya nuna na ƙara minti guda a kowane zagaye. A rana ta biyar wani ɗan tsere ya ce da ni, cikin ladabi ma kuwa, "Baba, a ɗan matsa gefe." Ni, da ake matsa wa gefe shekara talatin da takwas. Na fita daga fili ko gorar ruwana ban ɗauka ba. Na gaya wa 'yata gwiwa ce ke ciwo. Ƙarya nake yi, kunya ce kawai. Kwana goma sha ɗaya takalmin nan yana ƙarƙashin gado.

Ran nan da yamma muna zaune a baranda da Yaya, sai ga Baba Mai Fili a kan kekensa, gorata a rataye a hannun keken. Ban taɓa gaya masa gidana ba, tambaya ya yi ta yi har ya iso. Bai yi min wa'azi ba. Ya durƙusa ya gaishe da Yaya, suka gaisa har suka gaji, sannan ya juyo ya ce, "Layi na takwas, na can waje, yana nan, kullum ina share shi. Kwana goma sha ɗaya ban ga sawunka ba."

Yaya ya dube ni ya ce, "Ba gwiwa ka ce ba?"

Na ce, "Yaya, abin ne ba tsari. Kowa wuce ni yake."

"Minti nawa kake zagaya filin?"

"Biyar, har da ɗoriya."

Yaya ya gyara zanen da ya rufe cinyarsa. Ya ce, "Ni a ba ni awa guda in zagaya shi da ƙafata, ka ga ko zan dubi agogo."

Na ji kunyar da ta fi ta fili, na kuma ji tsoro, don a lokacin tafin ƙafata yana min wannan dindiris ɗin na rashin ji da na saba ɓoyewa. Baba Mai Fili ya miƙe zai tafi, ya ce, "Gobe ka taho da agogon, ina da wurin ajiyarsa."

Washegari ya kai ni ɗakin kayansa. A jikin bango, tsakanin cebur da gwangwanayen fenti, akwai ƙusoshi a jere, agogo bakwai a rataye. Ya nuna wani ya ce na Malama ne, wani na abokin zagayenmu Mahauci, wani na tsohon ma'aikacin banki. Kowa yakan rataye nasa kafin ya shiga, ya ɗauka in zai fita. Ya ɗauko guduma ya kafa ƙusa ta takwas. Ashe duk waɗanda nake jin haushin suna wuce ni, sun taɓa dafa gwiwa a bayan tankin nan.

Daga baya na ji sauran labarinsa a bakin mutane, don shi ba ya faɗa. Malama ta ce lokacin da ta fara zuwa takan jira sai fili ya watse don kada a ga tafiyarta. Da ya lura, sai ya riƙa fara ban ruwa daga can nesa, ya bar mata layin waje a bushe, ya kuma juya baya kamar bai san tana nan ba, har ta saba. Mahauci ya ce akwai shekarar da manajan filin ya so a hana tsofaffi shiga da safe, wai muna tare wa 'yan tsere hanya. Baba Mai Fili ya je ofis, hula a hannu, ya roƙi a bar mana layi biyu na waje, shi kuma zai riƙa buɗe ƙofa rabin awa kafin lokacinsa. Shekara tara ke nan bai fasa ba, ko ana ruwa.

Baba Mai Fili, kai ne gatan na baya. Ba ka da usur, ba ka da takardar horarwa, ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ranar ba da kofi ba. Amma kai ka gane abin da ke korar tsoho daga fili. Ba gwiwa ba ce, ido ne. Kai ka mai da gaisuwa ma'auni, har yau in muna zagayawa za ka ji layi na takwas ya kaure da "ya iyali" kamar bakin kasuwa.

Shekara biyu ke nan. Har yanzu ni ne na ƙarshe, kuma har yanzu wani lokacin abin yana sosa min rai, hali zanen dutse ne. Amma watan jiya likita ta duba takardata, ta yi murmushi, ta taɓa tafin ƙafata. Ta ce, "Ka ji?" Na ce na ɗan ji. Ta ce in ci gaba da duk abin da nake yi, kada in ƙara, kada in rage.

Sai ga wani abin dariya. Makon jiya Baba Mai Fili ya ja ni gefe yana sosa ƙeya. Likitansa ya ce jininsa ya fara hawa, in ya ajiye aiki kada ya kuskura ya zauna. Ya ce, "Malam Direba, ka rufa min asiri. Shekara talatin da ɗaya a filin nan, ban taɓa zagaya shi da gudu ba ko sau ɗaya. Ina jin nauyin a ga mai gyara wa mutane bai iya ba."

Ranar Asabar ya zo da takalmin kambas, muka shiga layi na takwas tare. Muna kaiwa gaban rumfa, sai na ga mutumin nan ya ɗaga ƙirji ya buɗe wuta, ya bar ni a baya. Ban bi shi ba, na san inda zan same shi. A bayan tanki na iske shi ya dafa gwiwa. Na jira ya miƙe, muka jera.

Na ce, "Ina kwana, Baba Mai Fili?"

Ya ce, "Lafiya," da ƙyar.

"Ya iyali? Ya gajiya?"

Ya dube ni, dariya ta ƙwace masa, ya rage gudu. Kafin mu kai kwana ya iya tambayata jikin Yaya.

Kai mai karatu, in ka ga wani dattijo yana jan ƙafa a gefen fili ko a bakin titi, kada ka yi masa sannun tausayi ka wuce. Rage tafiyarka, ka jera da shi, ka gaishe shi har ya amsa. Ba ka san abin da yake ƙoƙarin tserewa ba.

Kai kuma Baba Mai Fili, Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya saka maka da alheri. Mun kafa maka ƙusa ta tara, ko da yake ba ka da agogo. Na gode. A tsaye nake faɗar wannan, da ƙafafuna biyu.