Ranar tarihin unguwarmu a Akokan

Da aka rufe ramin haƙar uraniyom na Akokan, unguwarmu ta fara watsewa gida-gida. Yau ka ga babbar mota a ƙofar wannan ana loda katifu, gobe ka ji wancan ya wuce Maraɗi ko sallama bai yi ba. Ni kuwa da na rasa abin yi, sai na naɗa kaina masanin tarihin unguwa. Ba wanda ya roƙe ni. Na sayi littattafan rubutu uku masu kauri, na rubuta "Tarihi" a bangon kowanne da jan biro, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ban taɓa shiga ramin nan ba. Shekara talatin da ɗoriya ina ɗakin fitilu, in miƙa wa ma'aikaci fitilarsa zai sauka, in karɓa in ya fito, in rubuta lambarsa. Amma in ka ji ni ina ba baƙo labarin ƙarƙashin ƙasa, sai ka rantse da farcena aka tono uraniyom ɗin.

Na shiga gida-gida ina tattara tsofaffin kaya, hulunan kwano da takalman aiki da hotunan da rana ta cinye fuskokin mutanen ciki. Na sa ranar taro, Asabar bayan La'asar, a filin lakwal, wato makarantar unguwa. Faston 'yar majami'ar da ke bayanmu ya ara mana bencina, mai unguwa ya yi alkawarin lasifika.

Ana cikin haka muka ji 'ya'yan maƙwabcinmu za su zo su tafi da shi garinsu Tawa ranar Lahadi, washegarin taron. Dattijo ne, tsohon mai gadi, duk unguwa Baba muke ce masa. Tun ana gidaje goma a wurin nan shi ke haƙa kabari a tsohuwar makabarta, don Allah kawai. Yanzu an daina binnewa a can, yashi ya rufe rabinta, kuma ba wani rubutu sai duwatsu. Shi kaɗai ya san wanda ke kwance a ko'ina.

A can 'yarmu ta fari take. Watanta biyu ta rasu, ina Yamai an tura ni horo, Baba ne ya binne ta. Da na dawo na karɓi gaisuwa kamar kowa, ban ce a nuna mini wurin ba. Mu Damagarawan da aka reno da kunyar 'yar fari, ko sunanta ba ma kira, balle a ga namiji yana neman kabarinta. Na ce sai an kwana biyu. Kwana biyun ne suka zama shekara talatin.

Matata ba ta taɓa tayar da zancen ba sai wannan makon. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, kafin Baba ya tafi, ka tambaye shi wurin yarinyar nan."

Na ce, "Ai yana cikin tsarina."

Sau uku ina zuwa wurinsa da littafi da biro. Zan zauna, in yi masa tambaya ɗaya, kafin ya gama gyara murya na riga na amsa ta da kaina. Na ba shi labarin yadda ya zo nan yankin Arlit a bayan motar gishiri, na gyara masa shekarar da aka ja ruwan famfo, ya ce, "To, haka na." Shayinsa na sha, na dawo gida da shafi goma na maganata. Duk dawowa matata tana bakin ƙofa.

"Ka tambaye shi?"

"Muna kan zamanin gidajen kwano tukuna. Tarihi bi da bi ake yinsa."

Ba bi da bi ba ne. Tsoro nake ji. Na san in na buɗe baki na ce "'yata", muryata za ta karye a gaban dattijo, kuma na fi son in mutu da a ga haka.

Ranar Asabar mutane suka cika bencina, har 'yan kabu-kabu suka faka babura suna leƙe. Na rubuta tsarin taro a allo. Na ɗaya addu'a. Na biyu jawabin maraba, ni. Na uku tarihin unguwa, ni. Na huɗu bayanin kayan tarihi, ni ɗin dai. Na biyar Baba, minti goma. Na zaunar da shi a kujerar roba a gefe, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa.

Wanda ya ba ni lasifika bai kyauta wa unguwa ba. Na gaida mai unguwa, na gaida wakilinsa da ke zaune kusa da shi, na gaida waɗanda suka so zuwa ba su samu dama ba. Na faro tarihi daga lokacin da ba kowa a nan sai makiyaya da raƙumansu. Na ɗaga hular kwano na yi mata bayani kamar ba kowa a filin da ya taɓa sa ta, alhali rabin mazan da ke gabana kansu ya yi sanƙo a cikinta. Wani tsohon direban motar ma'aikata ya yi barci har da minshari, na ɗauka tunani yake yi mai zurfi.

Rana ta yi ja sannan na ce, "Yanzu sai babanmu." Na juya, kujera ba kowa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na faɗa cikin lasifika cewa abin da ke kashe mu ke nan, ba mu san darajar tarihi ba, a ba mutum wuri ya yi magana ya sulale. Ina cikin wannan faɗan aka kira Magariba, jama'a suka miƙe da wani irin sauri da ban taɓa ganin an tafi masallaci da shi ba.

Na shiga gida ina huci. Matata tana zaune a tabarma da mayafinta na fita, ƙafafunta duk yashi.

Na ce, "Kin ga abin da tsohon nan ya yi mini?"

Ta ce, "Ni na ɗauke shi. Kana kan labarin raƙuma na je na durƙusa na roƙe shi."

Na zauna a bakin tabarmar. Ta ce sun taka a hankali har tsohuwar makabarta. Ita ta tsaya daga bakin hanya, tunda mata ba sa shiga, shi ya wuce ciki. Ya tsaya a wani wuri ya ɗaga mata hannu. Sannan ya zauna nan, ya ce zai jira ni, ai jawabi ba ya wuce minti ashirin. Daga can suna jiyo muryata a lasifika, iska na kawo ta. Da ya ji kiran salla ya kafa sandarsa a wurin, ya fito yana dafa kafaɗar wani mai wucewa.

Da gari ya waye na tafi. Sandar tana nan tsaye kusa da wani ɗan tudu da bai fi kamu uku ba, da duwatsu baƙaƙe a jere kewaye da shi, tsaf, ba yashi a kansu. Na durƙusa, na kira sunanta, na yi kukan da nake gudu. Sannan na kawo ƙaton dutse na ajiye a gurbin sandar, na tare kabu-kabu zuwa tasha.

Na sami Baba 'ya'yansa biyu suna tallabe shi zai hau mota. Ya dube ni, ya dubi sandar.

"Ka ganta, Malam?"

"Na ganta, Baba. Wa ke gyara duwatsun?"

Ya ce, "Duk shekara in iska ta binne su sai in tahi in tone. In ce mata ubanki na nan tahe, aiki na ya yi mai yawa."

Suka zaunar da shi, aka rufe ƙofa. Sai da motar ta hau titin Agadas ta ɓace na lura sandar tana hannuna.