Tandun Goggo

A aikin share hanyar Nasara na samo gyambon. Turawa ba su daɗe da zuwa ba, aka kwashe samarin Kurfi aka ba mu diga, tawa ta kuɓuce ta sare ni a ƙwauri. Ciwo ya ruɓe, ƙuda suka mai da ni gidansu.

Goggona ta Wurma ce ta karɓe ni. Ita ke tsintar 'ya'yan maɗaci, ta soya, ta daka, ta dafa, ta yaɗe man da ya taso ta zuba a tandu. Man nan ƙuda ba ya sauka inda yake, ciwo kuma sai ya daina wari ya kama bushewa. Ɗacinsa kuwa, ko yatsa ka lasa ka yini kana tofar da yawu.

Da na fara takawa sai na ce zan je Dutsin-Ma gaida malamin da nake neman 'yarsa. Goggo ta ce ba a zuwa hannu sake. Ta ba ni tandun man shanu in kai musu, da na maɗaci don ƙafata. Bazara ce, man shanu ya narke, tandayen kuma kamar tagwaye. Na miƙa ɗaya cikin gida, na riƙe ɗaya.

Aka fito da tuwo zaure, mai yana kwance a kan miya. Malam da baƙinsa dattawa uku suka sa hannu, ni ina can gefe da nawa akushin, kaina a ƙasa. Loma ɗaya na gane abin da na yi. Na saci kallonsu. Kowa na taunawa a hankali, ido ya kawo ruwa, ba mai son ya fara kushe abincin gidan malam. Wani ma ya ce miyar ta yi, sai dai shanun Kurfi da alama suna kiwo a wuri mai wuya.

Malam ya wanke hannu, ya dube ni.

"Yaro, in ka fasa ne, ai da baki ake faɗa."

Na durƙusa na yi bayani, har na kwance tsumman ƙafata don shaida. Man shanun da na shafa da safe ya tara min tururuwa. Dattawan suka yi dariya har ɗaya ya ƙware.

Yayar Malam ta aiko daga ciki cewa kada a mayar min da tandun, tana da faso a dugadugai da ya ƙi ji.

An ba ni yarinyar bayan kaka. Goggo dai ba ta ga abin dariya ba. Ta ce man da ta sha wuya a kansa na kai wa masu lafiya sun cinye da tuwo, don haka tsintar 'ya'yan maɗaci ta shekarar nan ta koma kaina.