Ramin Ƙanƙara da Harsashi Bisa Kanmu

Mun tashi daga Ƙofar Ran a Bauchi bayan sallar asuba, a bayan wata lori mai ɗauke da buhunan gyaɗa. Mu biyu aka zaɓa mu je arewacin Turai koyon aikin gandun daji, tunda Turawan mulki sun fara haɗa kayansu. Abokin tafiyata Kirista ne daga kudancin Bauchi, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, mutum mai shiru-shiru. Saja muke ce masa. Hanyar Kano ta jijjiga mu har hanji. Jirgin sama kuwa, ban buɗe ido sosai ba sai da ya sauka.

Sanyin ƙasar nan ba ya faɗuwa. Abinci kuma kifi mai gishiri da dankali, safe da yamma, babu ko ƙwayar barkono. Mutanen suna da kirki, sai dai gaisuwarsu gajeriya ce, ko gida ba a tambaya.

Wata Lahadi malaminmu ya ce mu zo mu taimaka a wajen wasansu. Wai wasa. Mutum ya ɗaura dogayen katakai sirara a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya rataya bindiga a baya, ya yi ta sulalewa a kan ƙanƙara, hawa da gangara. In ya iso wurin harbi yana haki sai ya kwanta ya auna wani allo mai baƙin ɗigo, a zangon ƙarshe kuma a tsaye zai harba. Duk harbin da ya kuskure, a ƙara masa minti biyu a kan lokacinsa. Wato gudu na neman zuciya ta buga, harbi na neman ta kwanta.

Aikinmu shi ne sauya takardar allon. Aka sa mu a wani rami a ƙarƙashin allunan, aka ce kada wanda ya ɗaga kai sai an busa usur.

Harbin farko ya wuce ta kanmu da wani irin fito. Na kama salati. Ina waiwayawa sai na ga Saja yana zufa a cikin wannan sanyi, idanunsa sun juye, yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba. Ya yunƙura zai fita daga ramin. In ya miƙe, kansa daidai allon yake.

Na rungumo ƙugunsa na kayar da shi, na hau bayansa na zauna. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma hannuwana sun sandare.

"Sake ni, sun kewaye mu," in ji shi.

"Saja, ni ne. Ba Bama ba ce. Gaya mini, wa ta fi iya masa a unguwarku?"

Ban san inda na samo wannan tambaya ba. Na yi ta maimaita ta a kunnensa, ina lissafo masa lungunan unguwarsu ta Ɗan Iya, harsashi na ta wucewa, ni kaina ina kuka. Can ya daina kokawa, ya ce a hankali, "Matata."

Da aka busa usur muka fito da rarrafe. Ga wani ɗan tsere ya durƙusa yana hawaye don ya kuskure harbi biyu. Wallahi haushi ya kama ni, saura kaɗan in zage shi da Hausa.

Mun dawo Bauchi lafiya. A tasha matar Saja ta tarye mu da yara, ta ce, "Malam, yaya ƙasar Turawa?" Na ce sanyi kawai. Saja ya dube ni.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: shekara da shekaru muna gaisawa da mutumin nan a wurin aiki, ban san abin da yake ɗauke da shi ba. Yanzu gari ya ɗauka cewa ranar 'yancin kai za a yi ta harba bindigogi don murna. Na riga na gaya wa mai ɗakina kada ta neme ni a filin biki. A gidan Saja zan yini, kusa da shi.