An Zo Gaisuwar Baba

Baba ya rasu a Roni lokacin kullen korona. Mutumin da ko a Gwiwa aka yi rashi sai ya hau babur ya je gaisuwa, shi ne muka shimfiɗa wa tabarmi a ƙofar gida har kwana uku, awaki kaɗai ke hawa. An ce cutar ce ta kashe shi, kowa ya ja baya. Wallahi na riƙe mutane a zuciya.

Da aka buɗe makarantu na koma Kazaure, ina ajin ƙarshe na sakandare, amma akwatina na je ɗauka. Karatun me zan yi cikin waɗanda ko "ya haƙuri" ba su ce mini ba?

A bakin ƙofa malaminmu mai ba ɗalibai shawara ya tare ni. Na ɗaure fuska ina jiran wa'azi. Sai ya ce, "Su wa suka zo muku gaisuwa?"

Na ce, "Awaki, Malam."

Ya dubi akwatin da na ɗauko. Can ya ce, "Ajiye akwatin. Ka ba ni zuwa gobe da la'asar."

Washegari na tarar an shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, aka ce in zauna. Shugaban makaranta, wanda ko tarinsa muka ji sai mu watse, shi ya fara zuwa. Ya cire takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan, takunkumi a fuska. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta." Aka shafa fatiha.

Daga nan aji-aji aka riƙa shigowa, 'yan kaɗan-kaɗan, ba musabaha. Har mai gadi da masu dafa mana abinci. Aminina, wanda na rantse ba zan ƙara yi wa magana ba, ya zo ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Hana ni fita aka yi." Na so in yi masa gori, kuka ya riga ni. Tun ranar jana'iza ban yi ba.

Da yamma na mayar da akwati ɗakin kwana, na ari wayar Malam na kira mahaifiyata.

"Inna, yau an zo gaisuwar Baba."

Ta ce, "An taru?"

Na ce, "Tabarma ba ta ishe su ba."