Saƙon da Saje Philemon ya isar wa Japhet

Duk wanda ya zauna a Zuru a shekarun nan da wayar salula ta fara shigowa ya san Saje Philemon. Mutumin Dabai ne, ya yi ƙuruciyarsa a soja, a sashen sadarwa, yana goye da rediyo a baya daga wannan bariki zuwa wancan. Da ya yi ritaya sai ya kama shago kusa da kasuwa yana gyaran rediyo da kaset. Mutum ne mai tsafta da tsare gida. Abin da ya fi alfahari da shi, ya kan faɗa ko ba a tambaye shi ba, shi ne bai taɓa isar da saƙo a karkace ba.

A lokacin waya ta iso cikin gari, amma ƙauyukan bayan Ribah shiru, ba ta kai can ba. Cocin su Saje kuwa tana da ƙaramin asibiti a can. Wani likita da ya zo aikin sa kai ya kawo wani ɗan allon lantarki da bai fi tafin hannu ba, wanda in an jona shi da eriya da kwamfuta, kwamfutar ce ke zama rediyon. Saje ya zauna da likitan har ya iya. Saƙo kan iso ne a naɗe, kamar ƙunshin goro: alamomi uku a gaba masu nuna daga inda ya fito, uku a baya na tantancewa, maganar tana tsakiya. Da hannunsa ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da ke yanke gaba da baya, ya juya sauran zuwa rubutun da mutum zai karanta. Shekara guda abin yana tafiya lafiya lau. Har matarsa Magdalene ta fara yi masa tsiya wai ya fi gaida kwamfuta da safe fiye da ita.

Wata ranar kasuwa Japhet kafinta ya shigo shagon yana haki. Tsohuwarsa Leah tana kwance a wancan asibitin, kuma wani ɗan acaba ya ce masa ya ji ana kuka a unguwarsu can ƙauye.

"Baba Saje, don Allah ku tambayar mini. Hankalina ya ƙi kwanciya."

Saje ya aika tambaya ga Beatrice, nas ɗin da ke can. Ba a jima ba amsa ta fito a fuskar kwamfuta, kalma biyu: ta rasu. Ya cire tabarau, ya miƙe tsaye kamar yadda aka koya masa a soja, ya dafa kafaɗar Japhet.

"Ɗana, sai haƙuri. Mama ta tafi gida."

"Kun tabbata, Baba?"

"Ni ne fa. Ka taɓa jin na kawo maganar da ba haka ba?"

Japhet bai yarda wani ya taɓa akwatin gawar uwarsa ba, shi ya haɗa shi da kansa da katako mafi kyau da ke shagonsa. Washegari aka ɗora a bayan akori-kura, matan zumunta na coci suka cika wata motar suna waƙoƙin bankwana, Saje na biye da su a kan babur cikin kwat ɗinsa na zuwa coci.

Suna shiga harabar asibitin da kuka, sai ga Leah zaune a gindin mangwaro da kofin kunu a hannu. Waƙa ta tsinke a tsakiya. Tsohuwar ta dubi ɗanta, ta dubi abin da ke bayan mota.

"Japhet, wannan na wane ne?"

Beatrice ta fito da gudu, ta ce ita abin da ta rubuta shi ne "Ba ta rasu ba", ta taƙaita ne don batirinsu ya yi sanyi. Sai idanu suka juyo kan Saje. Ya ji kwat ɗin ta yi masa nauyi, gumi na bin bayansa. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Japhet bai zage shi ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, na tambaye ku ko kun tabbata." Wannan ta fi mari ciwo.

Kafin su juyo Saje ya gano inda gizo ke saƙa. Makon da ya wuce an sake wa kwamfutar asibitin shiri, sabon kuwa yana aiko da magana tsirara, ba alamar gaba ba ta baya. Nasa shirin bai san haka ba, ya ci gaba da yanka kamar kullum, ya cinye "ba" ta farko da "ba" ta ƙarshe. Kwana da kwanaki yana ganin saƙonni na zuwa da guntulallen baki, sunan magani ba harafin farko, ya ɗora laifin a kan gaggawar Beatrice, bai duba ba.

Ya gyara. Ya sa shirin ya fara duba ko ƙunshin na nan kafin ya yanke, ya kuma riƙa nuna saƙon yadda ya iso a gefe. Amma gyaran bai sauke masa kai ba. Ya bar kujerar dattawa a coci ya koma layin baya. Ya daina bi ta gaban shagon Japhet, gara ya zagaya ta bayan tasha. Magdalene ta yi ta ce masa mutane sun mai da abin dariya, ya saki ransa. Ya ce ai dariyar ce ba ya iya ɗauka.

Bayan girbi Leah ta zo Zuru, ta sa aka kawo ta har shagon. Saje ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa.

"Tashi, Saje," in ji ta. "Ni dai na ga waɗanda za su zo mini, na kuma ga waɗanda ba su zo ba. Akwatin yana ɗakina, gero nake zubawa, ɓera ba ya shiga."

Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba. Ya ci gaba da riƙe rediyon har aka kafa ƙarfen waya a wajen Ribah, aikin ya mutu da kansa. Kafin nan, in saƙon mutuwa ya zo, sai ya sa Beatrice ta maimaita da bakinta ta rediyon kafin ya tashi daga kujera, kuma ya kan nemi fasto ya raka shi gidan mamacin.