Saƙon da Aka Bari a Ƙofar Gida

Har yau in warin albasa ya haɗu da na esansi, wato man mota, a hancina, sai in ji raina ya ɓaci. A tashar Malanville kuwa kullum tare suke, ka ga ke nan ba na rasa abin fushi. Jikokina suna cewa tsufa ne ya mai da ni mafaɗaciya. Ba tsufa ba ne, zauna ka ji inda abin ya samo.

Kakana yana da wata baƙar mota mai dogon hanci, wadda ya saya hannun wani Bature da ke tattara komatsansa lokacin da aka ba ƙasa mulkin kai. Tun a ranar tsohuwa ce tuƙuf. Ba ta tashi sai an soka mata lanƙwasasshen ƙarfe a gaba an yi ta juyawa, ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta kama. Ta daɗe zaune gindin dogon yaron ƙofar gidanmu, kaji suna ƙwai ƙarƙashinta. Wanda bai sani ba sai ya ce don alfahari tsohon ya saye ta, alhali don kakata ya saya.

Ɗiyarsu, gwaggona, tana aure a Kwatano, can ƙarshen ƙasa bakin teku. Ta yi haihuwa bayan haihuwa, kakata ba ta ga ko ɗaya ba. Ga kuma yanar ido ta fara rufe wa kakata gani. Da fari zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya ta daina raba tsakuwa da shinkafa, ni na zama mai tsince mata. Burinta ɗaya ne, ta ga fuskar ɗiyarta tun tana iya gane fuska. A zamanin, mai zuwa kudu kamiyo yake hawa, wato babbar motar kaya, ya ɗare bisa kaya har Faraku, daga can ya shiga jirgin ƙasa. Gadon bayan kakata ba zai ɗauki wannan ba. Shi ya sa kakana ya yi rantsuwa gaban mutane: “Matata ba ta hawa bisa buhu awa akuya. Bisa kujera za ta zamna har bakin teku.” Ka riƙe wannan rantsuwa, za mu dawo kanta.

Shirin tafiyar nan ya ci damina, ya ci rani. Bayan la’asar kakana yakan share ƙasa da tafin hannu, ya zana hanya da sandarsa. Ga Gene, inda za a ba mota ruwa. Ga Kandi, inda za a kwana gidan wani tsohon abokinsa mai fataucin goro. Ga Faraku. Daga nan zanen yakan yi siriri, don abin da ke gaba a bakin mutane kawai ya ji shi. Ƙanen babana, wanda ya taɓa yin karen mota, shi ne direba. Ya tara gwangwanayen esansi, ya tanadi igiya da faci, ya ƙetare gada zuwa Gaya neman ƙafar mota ta ko-ta-kwana. Kujerar baya kuwa tamu ce, ni da kakata, aikina in riƙa gaya mata abin da ke wucewa ta taga. Ta ɗinka wa kanta matashi da audugar rimi, ni ina zura zare, ita tana lalube tana ɗinki. Har yau ina jin ƙanshin audugar nan in ta sha rana.

Ba sau ɗaya ba aka sa rana, sai rediyo ya wayi gari da kiɗan soja, a ce wasu masu kaki sun ture wasu, jandarma su gitta itace a hanya. Kakana ya ce a dakata ƙura ta lafa. Su can suna rabon kujera, mu nan idon kakata yana ƙara dushewa.

Da aka samu sarari, ana cikin cirar albasa, sai kakana ya ɗauki sandarsa zai bi gida-gida yin sallama. Kakata ta ce masa, “Malam, mu tahi shiru. In mun dawo mu ba su haƙuri.” Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai sulale daga garinsu. To, kai ma ka san halinmu. Wanda ka yi wa sallama ba ya barin ka hannu sake, sai ya tuna yana da ɗa a Kandi, ko ƙanwa a zangon Kwatano. Kuma saƙo, in an miƙo maka, ba a cewa a’a.

Haka suka yi ta kwararowa. Wannan buhun albasa, wancan kwandon bandar kifi, wata shinkafa, wani tabarmi. Har daga Madekali aka zo da kaya bisa jaki. Kowa bakinsa ɗaya: “Ɗan kaɗan na, ba shi da nauyi.” Mutanen nan duk sun san don wa ake tafiyar. Sun sha zuwa gaida kakata, sun ga tana miƙa hannu inda ba mutum. Amma ba wanda kunya ta kama, sai kakana, shi kuma tasa kunyar ta karɓa ce. Bayan mota ya cika, aka ɗaure sama, aka cusa ƙarƙashin kujeru, aka cinye wurina. Aka ce in zauna bisa ƙafafun kakata, na yarda.

Da safen tafiya mun yi wanka, kakata ta sa zanenta na rini, ta rungumi matashinta. Sai ga wani sajan na jandarma da mutum biyu ɗauke da akwatin ƙarfe, wai a kai wa uwarsa a kudu. Bai roƙa ba, nuna kujerar baya kawai ya yi. A shekarun nan ba a musu da mai kaki, wannan na yi wa kakana uzuri. Abin da ban yi masa uzuri ba shi ne abin da ya biyo. Ƙanen babana ya rage murya ya ce, “Baba, mu sauke albasa buhu biyu, Inna ta samu wuri.” Kakana ya girgiza kai. “Na riga na amsa, ya zama amana. Wa zan maida ma nashi? Da wane ido zan dube shi?”

Da wane ido! Ana zancen matar da idonta ke mutuwa, shi yana tunanin idon da zai kalli mai albasa. Ya juya wurinta yana sosa gemu. “Ki yi haƙuri. Mu kai wanga mu dawo, tahiya ta biyu ke ɗai za a ɗauka.”

Kakata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “To ku sa ni cikin buhu, ku ɗaure bakin, ku ce saƙo na zuwa ga ɗiyata. Na ga saƙo ba a barin shi.”

Aka kwashe da dariya, har da sajan. Aka ce tsohuwa akwai ban dariya. Ni da ke riƙe da hannunta na san ba wasa take ba. Aka juya ƙarfe, mota ta yi tarinta, ta fita tana jan ciki a ƙasa. Kakata ta tambaye ni ko sun sha kwana, na ce sun sha. Ta ce in kai ta ɗaki.

Motar ba ta dawo ba. Gaba da Kandi kaɗan ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya ya karye saboda nauyi, can aka bar ta bakin hanya. Amma ka ji abin da ya fi ƙona mini rai: kakana bai huta ba sai da ya bi kamiyo-kamiyo ya isar da kowane saƙo hannun mai shi. Ko albasa ɗaya ba ta ɓata ba. Ya dawo garin nan ana yabonsa, ana cewa ga mutum mai amana. Kafin wata damina ta kewayo, idon kakata ya rufe ruf. Da gwaggona ta samu zuwa bayan shekaru, da tafin hannu uwarta ta bi fuskarta, goshi, hanci, haɓa, tana cewa, “Kin yi ƙiba ko kumburi na?”

Yanzu kwalta ce har teku, motoci masu sanyi suna tashi kullum, saƙo ma akwai masu ɗaukarsa a biya su. Ni dai in zan yi tafiya ba na sallama da kowa, sai dai a ji na dawo. Ana cewa ba ni da zumunci, na ji, ban musa ba. Wanda ya tare ni a tasha da ƙullin kaya yana cewa ba shi da nauyi, ina gaya masa wurin da ke gefena da mai shi. In ya leƙa ba ya ganin kowa, sai wani tsohon matashi na audugar rimi.